Kurwanka Yana Tafe da Ƙafa

Jikata ce ta faɗa mini, ranar da ta dawo daga Kara inda take karatu, cewa manyan motoci sun daina bi ta tsagin dutsen Alejo. An yi sabuwar hanya da ta kewaye shi, shimfiɗaɗɗiya, mutum ya yi gyangyaɗi a Bafilo ya farka a bakin Sokode bai san an hau dutse ba. Ta faɗa ne idonta a kan waya, muryarta ba gishiri, domin ba da daɗi ta dawo ba: jarrabawa ta kayar da ita, ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ni kuwa ina riƙe da kofin shayi, sai da na ajiye shi, saboda hannuna ya fara abin da ya saba duk lokacin da aka ambaci wurin nan. Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma wani abu ya tsaya mini a ƙirji, kamar an ce an cike rijiyar da na taɓa faɗawa. Ba son rijiyar nake ba, sai dai in an cike ta wa zai yarda na taɓa kasancewa a ciki?

A wancan zamani ina kolej a nan Sokode, cikin 'yan matan zango ƙalilan da iyayensu suka bari suka yi nisa a lakwal, wato makarantar boko. Garin yakan tashi da kiran salla daga masallatai masu gasa da juna, sai luguden sakwara ya biyo baya, sai ƙarar bokiti a bakin rijiya, matan Kotokoli, 'yan asalin garin, suna gaisuwa doguwa har ƙasa. Wani lokaci kuma a wayi gari rediyon Baba ba magana, sai kiɗan soja, ya ƙare ya sake farawa. Irin wannan rana manya sukan dubi juna su rage murya, a aika mu ɗauko abin da ba a buƙata don kada mu ji. Haka muka tashi. Mun iya haɗiye magana tun kafin mu iya ɗaura zani da kyau. Wanda abu ya dame shi ya haɗiye, in ya yi masa yawa ya ce kansa ke ciwo. Yaran yanzu suna da sunaye da faransanci ga kowace irin damuwa, suna karantawa a waya su kaɗai a ɗaki. Mu ba mu da sunayen, amma ba mu da ɗakin da za a bar mutum shi kaɗai.

Da aka ba mu bakansi, babban hutun damina, Baba ya ce in tafi Dapango wurin ƙanensa mai fataucin shanu, wanda muke kira Baffa. Aka ɗora ni a kamyo, babbar motar kaya, saman buhunan goro, tare da fasinjoji. Kusa da ni wata mata ce mai sayar da goro, fara, mai wushirya. Ban tambayi sunanta ba. Ta fere lemo ta raba biyu ta miƙo mini rabi, tana mini tsiya wai 'yan lakwal ba su iya zaman mota ba. An yi ruwa da safe, hanya tana santsi. Mun ratsa ta tsakiyar dutsen nan da aka tsaga, mun fara gangara, sai na ji injin ya canja kuka, na ji direba yana salati da ƙarfi. Abin da ya biyo baya ba zan iya jera shi ba har yau. Na san dai na tsinci kaina a kan buhu cikin ciyawa, goro a warwatse ko'ina, ja da fari, ni kuma ba abin da ya same ni sai ƙujewa a gwiwar hannu. Rabin lemon yana hannuna. Mai lemon an rufe ta da mayafinta. Da jandarmomi suka zo suna tambayar kowa inda za shi, bakina bai iya furta komai ba sai Dapango, aka sa ni a wata motar aka yi arewa da ni.

A gidan Baffa na zama wata iri. Ina shiga ɗaki na juya fuska ga bango. Tuwo ya zo ya koma. In na rufe ido sai gangara, in na buɗe sai in ji ƙirjina yana bugawa kamar ana sussuka a ciki. Mota ta wuce can bakin kasuwa, in toshe kunne. Baffa ya karɓo rubutu na sha, ya kai ni dispansa aka duba aka ce lafiyata ƙalau, aka ba ni ƙwaya fara. Matan zango suka yi ta shigowa dubiya, wannan ta ce iska ce, waccan ta ce a yi hayaƙi, kowacce ta rufe da a yi haƙuri, a gode Allah da aka tsira. Na gode masa, amma ban daina rawa ba. Ga shi shekarar da ke tafe ita ce ta ƙarshe, ta jarrabawar birbe, kuma duk burina in ci in tafi koyon aikin ungozoma. Baba ya aiko ta bakin direbobi cewa in ban iso ranar buɗe lakwal ba, za a ba wata gurbina. Hanyar komawa Sokode kuwa guda ɗaya ce a duniya, ta cikin dutsen nan. Baffa, wanda yake kirana uwata saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini, ya ce a bar yarinya ta zauna, lakwal ba farilla ba ce. Don tausayi ya faɗa. Da na ji, sai na ƙara juyawa ga bango.

Matar Baffa muna kiranta Inna. 'Yar ƙabilar Moba ce daga ƙauyen Nano, ta musulunta ta auri Baffa, Hausarta kuma a kasuwa ta koya. A bakinta kowa namiji ne: ni "ka" take ce mini, maƙwabciya "shi", kazar da ke kwance kan ƙwai ma "shi". Ɗan lakwal take kirana. Gajeriya ce, hannunta kamar icen ɗorawa, kullum tana ƙanshin man kaɗe domin shi take yi ta sayar. Kwanakin farko kallona kawai take yi. Wata safiya, gidan cike da masu dubiya, ta shigo ta ture tagar langa-langa, haske ya faɗo mini a fuska, ta tsaya a kaina.

"Ɗan lakwal, tashi. Ba ciwo kake ba. Mota ya kawo jikinka, ya bar kurwanka a dutse. Yana tafe da ƙafa."

A wurinmu Hausawa, in aka ambaci kurwa to maita ake nufi, wani ya kama ta. Wata tsohuwa ta fara tattara takalmanta tana tambaya wa ake zargi a unguwar nan. Da ƙyar Baffa ya lallashe su, ya bayyana cewa a yarensu akwai wata kalma, Inna ta nema a Hausa ba ta samu ba, ta ɗauki wadda ta fi kusa. Ita ko a jikinta. Ta ce ba wanda ya kama shi, tsoro ne ya fizge shi, kuma daga Alejo zuwa Dapango ba nan kusa ba ne, sai a ba shi lokaci. Amma akwai sharaɗi. Kurwa ba ya tafiya sai in mai shi ya ci abinci. Ba ya gane gida sai in an share ƙofa. In ya iso ya tarar da mutum kwance da rana cikin duhu, ba wanka, kai a tsefe, sai ya ce ba nan ba ne ya wuce Sinkase, can bakin iyaka.

Na san wasa ne, ita ma ta san na sani. Amma tun da abin ya faru, wannan ne karo na farko da wani ya ce mini abin da nake ji yana da hanya, yana da iyaka, kuma akwai abin da zan yi da hannuna. Na tashi zaune. Ta miƙo mini koko da ƙosai biyu, ta tsaya har na cinye ɗaya.

Daga ranar rayuwata ta koma hannunta. Da an idar da sallar asuba, tsintsiya. Bayan shara, wanka da ruwan ɗumi, ta ba ni man kaɗe in shafa tun daga wuya har tafin ƙafa, a hankali, wai jiki ma yana son a gaishe shi. Sai mu ɗauki tulu mu tafi rijiyar da ke bayan gonakin gero, alhali akwai wata a kusa. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce ruwan can ya fi daɗi. Ƙarya take, tafiyar take so in yi, in ga zabi suna gudu cikin raɓa, in amsa gaisuwar mutane da bakina. Abinci a kwano ɗaya da ita da matan gidan, ba a kai mini ɗaki. Da rana fasa ƙwarar kaɗanya a gindin bishiya, aikin da ba ya son tunani, hannu yana yi baki yana hira. Bayan isha ba zaman dogon labari, kowa ya kwanta. Ba duk abin da ta yi ne ya yi amfani ba. Akwai wani jiƙon saiwa mai ɗaci da ta ɗura mini, wanda bai yi komai ba sai kai ni bayan gida, ita kanta daga baya ta ce wannan kam na awaki ne.

Kowace yamma kuma sai an yi shari'ar inda kurwa ta kai. Baffa a ƙuruciyarsa ya sha koro shanu da ƙafa zuwa kudu, ya san kowane zango da kowane rafi, don haka shi ne alƙali. Ranar da na ci da kyau, Inna ta ce yau ya wuce Bafilo. Baffa ya ce a'a, mai tafiya ba takalmi ba zai wuce Bafilo yau ba. Ta ce ai ba saniya ba ne da zai tsaya kiwo. Ranar da na ƙi abinci na koma ɗaki, ba ta yi faɗa ba, sai ta faɗa wa kaza, yadda zan ji, cewa bawan Allah yana zaune a gindin kuka a Lama-Kara, ruwa yana dukansa, mai shi ya hana shi guzuri. Na fito ina fushi na ci. Da kurwa ta kai dutsen Defale suka yi musu har Baffa ya ɗauki sanda yana zana hanyar a ƙasa. A nan na ji wani sauti ya fito daga bakina, sai da na waiga. Dariya ce.

Abu ɗaya da ta koya mini, shi na fi riƙewa. Wata rana muna madafa, kamyo ya yi kuka a kan titi, na daskare, numfashina ya ɗauke, ludayi ya faɗi. Ba ta rungume ni ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta janye icen murhu har wutar ta kusa mutuwa, ta kama wuyana ta sunkuyar da ni.

"Hura. Ba da ƙarfi ba, za ka watsa mini toka a miya. Dogo, siriri. Sake."

Na hura, na sake, na sake. Kafin garwashin ya kama, ƙirjina ya sauka. Tun daga nan hura wutar gidan ta zama aikina, har na gane da gangan take barinta ta mutu in ta ga idona ya canja.

Maganar mai lemo kuwa a wurin kitso ta fito. Inna ba ta iya kitsonmu ba, nasu take yi, tana ja kamar mai tufka igiya. Kaina yana kan cinyarta, ba na ganin fuskarta, wataƙila shi ya sa bakina ya buɗe. Na faɗa mata wushiryar, da tsiyar da matar ta yi mini, da mayafin, da rabin lemon da ban san inda na yar ba. Hannunta bai tsaya ba. Da na gama sai ta tambaye ni ko lemon yana da zaƙi. Na ce da tsami. Ta ce to in roƙa masa gafara kullum bayan salla, in kuma faɗa wa Allah gaskiya, lemonsa da tsami amma ya ba ni rabi. Na yi kuka har zaninta ya jiƙe, ina kuka ina dariya. Ranar Juma'a muka toya ƙosai muka yi sadaka saboda matar da ba mu san sunanta ba.

Gero ya fara fitar da kai, buɗe lakwal ya matso. Na yi ƙiba, ina barci, ina zuwa kasuwa ni kaɗai. Amma ko kusa da tasha ban yarda na bi ba. A lissafin Baffa kurwa ta kusa Sansanin Mango, ni kuma har na fara sa rai, wai in ta iso zan tashi wata safiya in ji tsoron ya tafi gaba ɗaya. Sai wata yamma Inna ta ce an samu matsala. Kogin Oti ya cika, bawan Allah yana tsaye a wancan ƙetare, ya ƙi hayewa. Baffa ya ce ai akwai gada. Ta ce kurwa ba ya hawa gada shi kaɗai, kowa ya san wannan. Sai mai shi ya je ya taro shi.

Na ce ba zan iya ba. Ta ce Mango kawai, hanya miƙaƙƙiya ba dutse, kuma da ita za a je. Baffa ya dube ta da mamaki, domin Inna tun da aka haife ta ba ta taɓa wuce Mango ba, mota kuma ba ta ƙaunarta ko kaɗan. Na ga ta ɗaure mini kayana duka a ƙunshi, har da littattafai. Na kau da kai. Ina jin a raina ina so a yaudare ni.

Na hau kamyo, na hura wutar da babu tun daga tasha har muka bar gari. A Mango muka haye gada, ruwa ja yana gudu a ƙasa. Na ce Inna, ga ƙetaren, mu sauka. Ta leƙa dama, ta leƙa hagu, ta kama baki. Wai ya gaji da jira ya juya, yanzu haka yana Kante. A Kante ta tambayi wata mai sayar da dafaffen ƙwai ko ta ga wani siriri ya wuce, mai kama da wannan yaron, matar ta ce ba ta gani ba, Inna ta ce to ya yi gaba. Fasinjoji suka shiga cikin maganar ba tare da sun san kanta ba, wani dattijo har yana rantsuwa ya ga mai irin kamannin a Nyamtugu. A kowane shingen sojoji muka yi shiru, aka duba mu, muka wuce, hira ta dawo. Muka kwana a Lama-Kara gidan wani abokin fataucin Baffa, da safe muka kama hanya.

Bayan Bafilo hanya ta fara hawa. Na gane bishiyoyin. Na gane kwanar. Na juya in riƙe Inna, sai na ga abin da ban zata ba. Matar nan da ta tsaya tsakanina da tsoro duk damina, ta runtse ido, ta damƙe gefen mota da hannu biyu, tana kiran Allah da yarensu. Defale ta riga ta girgiza ta jiya, amma ramin da ke gefen wannan hanya ya fi ƙarfinta. Ban san lokacin da na kama wuyanta ba.

"Inna, hura. Dogo, siriri. Kada ki watsa toka."

Ta buɗe ido ɗaya ta harare ni, sannan ta hura. Muka haɗa kai muna hurawa, ni da ita, kamar masu tayar da murhu ɗaya, injin yana kuka. Na ga wurin da ciyawar take. Na roƙa wa mai lemo gafara. Bangon dutse ya rufe mu dama da hagu har ana iya taɓa shi. Sai haske ya buɗe, ƙasar Kotokoli ta shimfiɗu a gabanmu, kore shar.

Mun yi nisa kafin ta saki gefen motar. Ta gyara ɗankwali, ta dube ni sama da ƙasa.

"To, ɗan lakwal, ya shiga?"

Na saurari jikina. Ban ji wani abin mamaki ba. Na ce ni dai yunwa nake ji.

"Shi ne," in ji ta. "Ya sha tafiya." Ta kwance ƙullin zaninta ta ba ni ƙwai.

Na shiga aji ranar da aka buɗe. Na ci birbe, na yi aikin ungozoma har ƙarfina ya ƙare, kuma matan da na sa suka hura wutar da babu a ɗakin haihuwa ba su ƙirguwa. Inna ta zauna a gidanmu har kaka ta wuce, tana cewa sakwarar Sokode ce ta riƙe ta, mu kuwa mun san dutsen take jin tsoron komawa ta ciki. Ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ban taɓa faɗa mata ba, amma ba duka kurwar ta shiga ba. Wani ɗan guntu ya zauna a cikin ciyawar nan, shi ne yake kaɗa mini hannu har yau. Na saba da shi. Ina ci, ina wanka, ina fita cikin mutane, shi kuma yana iyakarsa.

Jikata ta kwana biyu a ɗaki, labule a sake, waya a hannu, abinci yana zuwa yana komawa. Uwarta ta ce a bar ta ta huta. Na bari na ga ba hutu ba ne. Da safe na shiga na yaye labulen, na karɓi wayar na sa a aljihuna, na zauna a bakin gadon na ba ta labarin nan tun daga lemo har ƙwai. Gidanmu yanzu gas ne, ba murhun da za a hura, don haka na kawo koko da zafinsa na ce ta hura shi, dogo, siriri. Ta ce Kaka wannan ai tatsuniya ce. Na ce na sani. Ta hura, ta kurɓa, ta sake hurawa. Jiya mun je kasuwa da ƙafa, yau ta yi shara ba a ce ta yi ba. Ɗazu da la'asar ina fere lemo ta zo ta zauna kusa da ni, ta tambaya, tana kallon ƙasa, ko tata kurwar ta kai ina.

Na ce ta baro Bafilo. Sai dai ba ta san sabuwar hanya ba, ta cikin dutse za ta biyo, a yi mata haƙuri. Na raba lemon biyu na miƙa mata rabi.